Hutun Iyali a Dutsen Ƙanƙara: Abin da Maigida Zai Sani Kafin Ya Kama Otal Mai Araha

Daga cikin 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Anacha da Fatakwal, akwai da yawa waɗanda birnin Santambul na ƙasar Turkiyya ya zame musu kamar Kano, suna zuwa sarin tufafi da takalma a unguwannin Laleli da Merter sau biyu ko sau uku a shekara. Duk wanda ya taɓa zuwa tsakanin watan Disamba da watan Maris ya ga tallan da masu shirya tafiye-tafiye ke liƙawa, ga farin dutse, ga yara suna zamiya a kai, ga farashin otal da ba shi da nauyi. Ba abin mamaki ba ne maigida ya ce a ransa bana sai ya kai iyalinsa su ga dusar ƙanƙara da idonsu. Niyya ce mai kyau, domin tafiya mabuɗin ilmi ce. To, amma wannan irin hutu ya sha bamban da ziyarar dangi ko yawon kasuwa, akwai kuɗin da ba a rubuta a jikin talla ba, akwai kuma hatsarin da mutumin ƙasar zafi bai saba da shi ba. Saboda haka a wannan mako za mu ɗauki dutsen Uludag, wanda shi ne wurin zamiya mafi suna a kusa da Santambul, mu bi al'amarin daki-daki.

MENE NE WASAN ZAMIYA?

Wasan dai shi ne mutum ya ɗaura wani dogon siririn katako a kowace ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, ya sulalo daga kan tudu zuwa ƙasa bisa dusar ƙanƙara. Asalinsa hanyar tafiya ce ta mutanen arewacin Turai da Rasha, waɗanda ƙanƙara kan rufe musu hanya rabin shekara, da shi suke farauta da kai saƙo tun dubban shekaru. Wani manomi mutumin Telemark a ƙasar Norwe, mai suna Sondre Norheim, wanda aka haifa a 1825, yana cikin waɗanda suka gyara yadda ake ɗaure ƙafa a jikin katakon har mutum ya iya juyawa yadda ya ga dama, daga nan abin ya koma wasa. An yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a garin Chamonix na Faransa a 1924, sa'an nan a 1936 aka kafa kujerar igiya ta farko mai ɗaukar 'yan wasa zuwa kan tudu a Sun Valley ta Amurka. Wannan kujera ta taimaka wajen buɗe wa kowa ƙofa.

Kada mai karatu ya ce abin na Turawa ne kaɗai. A nan Afirka ana yinsa a Oukaimeden da ke tsaunukan Atlas na Maroko, da kuma ƙasar Lesoto. A gasar hunturu ta 2022 a birnin Beijin, wani saurayi mai suna Samuel Ikpefan ya wakilci Nijeriya a tseren zamiya.

DUTSEN ULUDAG

Ma'anar sunan da Turkanci ita ce babban dutse. A da ana ce masa Dutsen Rahibai, sai a 1925 aka sauya masa suna, a 1961 kuma gwamnati ta mai da shi gandun ƙasa. Ƙololuwarsa ta kai mita 2,543, watau ya ɗara Chappal Waddi na Jihar Taraba, dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wanda ke da mita 2,419. Unguwar otal-otal tana ƙasa da ƙololuwar, a wajen mita 1,800 zuwa 1,900, ta fi Jos bisa nesa ba kusa ba, domin Jos wajen mita 1,200 take.

A gindin dutsen birnin Bursa yake, wanda Daular Usmaniyya ta Turkawa ta ci a 1326 ta mai da shi babban birninta. Daga Ikko zuwa Santambul tafiyar kimanin sa'a 7 ce a jirgin sama, kuma mai fasfo ɗin Nijeriya dole ya nemi biza tun da wuri. Daga Santambul zuwa Bursa ana bin mota ta kan gadar Osmangazi da aka buɗe a 2016, ko kuwa a shiga jirgin ruwa zuwa Mudanya, kowanne wajen sa'a biyu. Daga Bursa hanya biyu ce zuwa sama. Ta farko hanyar mota mai kwana-kwana, kimanin kilomita 36, wadda in ƙanƙara ta yi yawa sai an ɗaura wa tayoyi sarƙa. Ta biyu motar igiya, wadda Turkawa ke kira teleferik. An fara ta a 1963, aka sabunta ta a 2014, tsawonta ya kusa kilomita 9, tana kai mutum har unguwar otal-otal cikin ƙasa da rabin sa'a.

ARAHA BA TA ADO

Abin da ke ruɗin mai zuwa karon farko shi ne yana ɗaukar kuɗin otal a matsayin kuɗin hutu. Alhali kuwa kuɗin ɗaki kashi ɗaya ne kawai daga cikin kuɗaɗen da za a kashe. Ga sauran. Akwai hayar kayan wasa, watau katako da takalma da sanduna da hular kwano, kowane mutum da nasa, kowace rana da kuɗinta. Akwai tikitin hawa kujerar igiya. Akwai ladan malamin da zai koyar. Akwai tufafin sanyi. Akwai inshora. Akwai abincin rana, wanda a kan dutse ya fi na cikin gari tsada ƙwarai, domin kome da mota ake hawo da shi.

A yi lissafi da iyali mai mutum biyar, maigida da uwargida da yara uku, waɗanda za su yi wasa kwana huɗu. Hayar kaya ta zama sau 20, tikitin hawa sau 20, abincin rana sau 20. Ko da kowanne ɗan kaɗan ne, in aka tara shi yana iya kamo kuɗin ɗakin, har ma ya wuce. Saboda haka kafin maigida ya biya ko sisi, sai ya sa a rubuto masa amsar waɗannan tambayoyi. Shin kuɗin ya ƙunshi abinci sau nawa a rana? Turkawa suna da tsari iri-iri: karin kumallo kaɗai, ko karin kumallo da abincin dare wanda suke kira yarim pansiyon, ko sau uku wanda suke kira tam pansiyon. Ga mai yara, na ƙarshen nan ya fi sauƙi ko da ya ɗan fi tsada a takarda. Shin tikitin hawa yana ciki, kuma kujeru nawa ya ƙunsa, duka na dutsen ne ko na gaban otal ɗin kaɗai? Shin taku nawa ne daga ƙofar otal zuwa filin masu koyo? Wannan tambaya ba ƙarama ba ce, domin takalman zamiya masu tauri ne da nauyi, tafiyar minti goma a cikinsu da yaro a hannu da katako a kafaɗa ta isa ta ɓata wa mutum safiya. Shin akwai ɗakin shanya kaya da ajiye takalma? Shin ɗumin ɗaki da ruwan zafi dare da rana ne ko da lokacinsu? Shin yaro ɗan shekara nawa ne ake ɗauka kyauta ko rabin kuɗi? Har ila yau, kuɗin Turkiyya, watau lira, ya yi shekaru yana faɗuwa, farashi yana sauyawa daga wata zuwa wata, don haka a tabbatar an rubuta jimillar da kuma irin kuɗin da za a biya da shi.

Akwai wata dabara da masu ƙaramin ƙarfi ke yi. Su kwana a cikin Bursa inda otal da abinci suka fi araha, musamman unguwar Cekirge mai maɓuɓɓugan ruwan zafi, kullum da safe su hau motar igiya, da yamma su sauko. Amma a san abu biyu. Kuɗin motar igiya na baƙo ba daidai yake da na ɗan ƙasa ba, sai a ninka shi da yawan mutane da yawan kwanaki a gani ko ribar tana nan. Sa'an nan akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu maso yamma, ana ce mata lodos, in ta taso akan dakatar da motar igiya, wani lokaci yini guda.

LOKACIN ZUWA

Kakar wasan takan fara a Disamba ta ƙare wajen ƙarshen Maris. Kwanakin da farashi ke tashi su ne na sabuwar shekara, da hutun makarantun Turkiyya na mako biyu a ƙarshen Janairu, da kowace Asabar da Lahadi, sa'ad da mutanen Santambul ke kwararowa. Daga Litinin zuwa Alhamis ɗaki ya fi araha, layin kujera ya fi gajarta, filin masu koyo ba cunkoso.

Matsalarmu ita ce hutun makarantunmu na Disamba ya faɗo farkon kaka, na Ista kuma ya faɗo ƙarshenta, lokutan da ba a da tabbacin ƙanƙara. A Janairun 2023 ɗumi ya yi yawa har wurare da dama a tsaunukan Turai suka rufe filayensu don rashin dusa, kuma Uludag ma bai tsira ba. Akwai injunan da ke fesa ruwa ya zama dusa, amma su ma ba sa aiki sai sanyi ya sauka ƙasa da sifiri. Watan Fabrairu ya fi tabbas. In kuwa dole sai Disamba, to a nemi otal ɗin da ya yarda a rubuce zai mayar da kuɗi ko ya ɗaga rana. Wanda ke son ƙarin tabbaci yana iya duba Erciyes kusa da Kayseri ko Palandoken kusa da Erzurum, waɗanda suka fi bisa, sai dai a ƙara kuɗin jirgin cikin gida.

SANYIN DA BA IRIN NA HUNTURUNMU BA

Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6 da rabi. Mutumin da jikinsa ya saba da gumin Ikko, cikin kwana ɗaya zai tarar da kansa inda ruwa ke daskarewa a fili. Maganin abin shi ne sa tufafi hawa uku: na ciki mai kama jiki, na ulu ko na zaren roba, na tsakiya mai kauri, na waje mai hana ruwa da iska. A guji singiletin auduga, domin yana shan gumi ya riƙe, gumin ya huce a jikin mutum. Safa guda mai kauri ta fi biyu, saboda in takalmi ya matse jini ba ya gudu, ƙafa ta fi yin sanyi. Safar hannu mai hana ruwa dole ce ga kowa. Yawancin waɗannan kaya ana samunsu da sauƙi a kasuwannin gwanjo irin su Katangowa da Yaba, inda ba su da masu saye da yawa, gara a tafi da su daga nan da a saya a kan dutse.

Babbar riga da dogon mayafi da duk wani abu mai reto ba su dace da wurin ba, suna iya maƙalewa a jikin kujerar igiya. Mata sai su sa ƙaramin hijabi su cusa bakinsa cikin rigar sanyi, su ɗora hular kwano a kai, su zaɓi rigar waje mai tsawo.

Yara sun fi manya saurin rasa ɗumin jiki, kuma daɗin wasa kan hana su faɗa. In yaro ya fara karkarwa ba ƙaƙƙautawa, ko maganarsa ta fara sarƙewa, ko yatsunsa da kunnuwansa suka daina jin taɓi, a shigar da shi ɗaki nan take, a cire jiƙaƙƙun kaya, a ba shi abu mai ɗumi ya sha. Ba a murza wurin da ya daskare, ba a kuma kara shi a jikin wuta, da ruwa mai ɗumi-ɗumi ake jiƙa shi. Sabuwar dusa tana mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken rana mai ƙuna, saboda haka tabarau dole ne ko da hadari, domin baƙar fata ba ta kare ido.

Ga kuma wata magana da ta shafe mu fiye da Turawa. Cutar sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, ta fi yawa a Nijeriya bisa kowace ƙasa a duniya. Sanyi da ƙarancin iska a kan tudu da rashin shan ruwa, duka ukun suna tayar da ita, kuma duka ukun suna nan a kan dutse. Duk gidan da ke da mai wannan larura, kada a sayi tikiti sai an ga likita. Haka ma mai asma da mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu.

RANAR FARKO A KAN KATAKO

Kada maigida ya ce shi zai koya wa yara, ko wani aboki ya koya masa. A ɗauki malami mai takardar shaida, a tabbatar akwai harshen da za ku ji juna da shi. Makarantun zamiya galibi suna karɓar yara daga shekara huɗu. Abin da ake fara koya shi ne yadda ake faɗuwa da tashi, sai tsayawa, watau a haɗa kawunan katakan biyu a gaba a ware bayansu, abin da Turkawa ke kira garmar ƙanƙara. Sa'a biyu da safe ta isa, domin yawancin rauni da yamma ake jinsa, bayan ƙafafu sun gaji. Bayan kwana uku mafi yawan masu koyo sukan iya saukowa ƙaramin gangare da kansu. Sannu ba ta hana zuwa.

An raba hanyoyin da launi. Kore da shuɗi na masu koyo ne, ja na waɗanda suka iya, baƙi na gwanaye. Doka ita ce wanda ke gabanka shi ke da hanya, kai na baya kai za ka kauce, kuma ba a tsayawa a tsakiyar hanya ko bayan tudu inda mai zuwa ba zai hango ka ba. Gwiwa ita ce ta fi jin rauni a wannan wasa, shi ya sa mai ba da hayar kaya zai tambayi nauyinka da tsawonka da iyawarka, don ya saita maɗaurin yadda zai saki ƙafarka in ka faɗi. A faɗa masa gaskiya. Hular kwano kuwa ba ta yara kaɗai ba ce. Michael Schumacher, gwanin tseren motoci na duniya, ya faɗi ya bugi dutse da ka a Meribel ta Faransa a Disamban 2013, a wani wuri da ke gefen hanyar da aka shata, likitocinsa suka ce ba don hular ba da bai kai asibiti da rai ba. Uludag wuri ne mai yawan hazo, kada kowa ya wuce sandunan da aka kafa a bakin hanya. Lambar neman agaji a Turkiyya ita ce 112. A kuma duba takardar inshora da kyau, domin inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa ba ta ƙunshi wasan ƙanƙara ba sai an ƙara kuɗi an rubuta.

MAGANAR GOBARA

Wannan ita ce ta fi kowace nauyi. A daren 21 ga Janairu, 2025, wajen ƙarfe uku da rabi, wuta ta tashi daga sashen abinci na wani otal mai hawa 12 a Kartalkaya, wani wurin zamiya a lardin Bolu na Turkiyya. Lokacin hutun makaranta ne, otal ɗin cike da iyalai. Mutum 78 suka rasu, da yawansu yara. Waɗanda suka tsira sun ce ba su ji ƙararrawa ba, wasu da zannuwan gado suka ƙulla igiya suka sauko ta taga. An lulluɓe ginin da katako, motocin kashe gobara kuma daga nesa suka taso. A Oktoban wannan shekara ta 2025 kotu ta yanke wa mai otal ɗin da wasu mutane ɗaurin rai da rai. Wata biyu bayan waccan gobara, a Maris, wata ta tashi a wani otal a Uludag ɗin kansa, ta yi ajalin Berkin Usta, wanda ya wakilci Turkiyya a gasar Olamfik ta 2022, tare da mahaifinsa.

Otal ɗin Kartalkaya ba na talakawa ba ne, watau tsada ma ba ta ba da tabbaci, balle araha. Don haka maigida shi ne zai zama mai binciken kansa. Ya nemi ɗaki a hawa na ƙasa-ƙasa. Da isarsa, kafin a kwance kaya, ya ɗauki yaran su bi matakalar gaggawa da ƙafa har waje, su ga ko ƙofar tana buɗuwa, su ƙirga ƙofofi nawa ne tsakanin ɗakinsu da matakalar, domin cikin hayaƙi ido ba ya aiki sai lalube. Ya duba rufin ɗaki ko akwai na'urar jin hayaƙi, ya duba baranda ko akwai tukunyar kashe wuta. In ya tarar da ƙofar fita a kulle da kwaɗo ko an tare ta da kaya, ya nemi a buɗe, in an ƙi ya bar wurin, asarar kuɗin kwana ɗaya ba kome ba ce. Da dare a ajiye takalma da rigunan sanyi da fasfo a bakin ƙofa. Uwargida kuma ta haƙura da kaskon turaren wuta da risho har a dawo gida, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari.

IN ALJIHU BAI KAI BA

Abinci ba zai zama matsala ba, ƙasar Musulmi ce, sai dai wasu otal-otal na kan dutsen suna da mashaya da kiɗa har tsakar dare, mai iyali ya tambaya tun kafin ya kama. In an yi lissafi an ga kuɗin kwana huɗu ya fi ƙarfi, ba dole sai an ci bashi ba. A sauka a Bursa kwana biyu, a ware yini guda a hau motar igiya, a yi wa yara hayar ɗan keken zamiya da ake zama a kai, wanda ba ya bukatar malami, su yi ta wasa a filin da aka keɓe masa har su gaji. Kashegari a ziyarci babban masallacin Ulu Jami mai ƙubba 20, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 14, da kasuwar alharini ta Koza Han ta 1491, a ci gasasshen naman nan na Iskandar wanda asalinsa daga Bursa ne. Yaro ɗan shekara shida ba zai tambayi hawa nawa otal ɗin yake da shi ba, abin da zai ba abokansa labari a makaranta shi ne ya dunƙula ƙanƙara da hannunsa ya jefi babansa.

Allah ya kai masu niyya lafiya, ya dawo da su lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.